Taubashina da Kurmin Bayan Tafki

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, da mai gaggawa da mai jan ƙafa irina. Taubashina ya riga ni. Ɗan gwaggona ne, ya ɗan girme ni, kuma tun muna yawo ba wando muke gardamar wane ne bawan wani tsakaninmu. Ya tafi ba mu raba gardamar ba.

Zaman makokin a ƙofar gidanshi anka yi, ni ina gefen babban ɗanshi ina amsa gaisuwa. Mutane sun zo daga Unguwar Lalle, sun zo daga Kamarawa, har daga Isa wasu sunka yi kasadar hanya bisa babur. Kowa da abin da ya kawo a baki. Wani ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Na sunkuyar da kai don kada in yi dariya a gaban mutane, domin haƙuri bai taɓa kwana gidan taubashina ba. Liman ya ce ba shi fashin jam'i, wannan kam gaskiya ne. Wata tsohuwa daga cikin waɗanda sunka gudo daga ƙauyuka ta tsaya bakin zaure tana kuka tana cewa, "To wa za shi ba mu icce yanzu?" Baƙi sunka kalli juna, ba su gane ba.

Can ƙarshen tabarma samari sun haɗa kai suna miƙa wa juna waya. Wani abokin babban ɗan, wanda ya zo daga Sakkwato da mota, ya leƙa ya ce, "Kai! Wanga wuri a ƙasar nan yake? Ai sai mu kawo iyali shan iska."

Na ce, "Ka yi sauri dai, Alhaji."

Babban ɗan ya taka mini ƙafa.

Shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma na gudu ranar da na iya rubuta sunana, don na ga an gama da ni. Wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kanshi. Ba ni son a tuna da taubashina a matsayin mai haƙuri. Ina son a tuna da shi da abin da ya yi ta yi wa faɗa.

Bayan tafkin garinmu akwai wani kurmi. Ba babba ba ne, mai ƙarfin murya in ya yi kira daga wannan baki za a ji shi a wancan. Amma itacen cikinsa tsofaffi ne: ƙirya, kanya, tsamiya, marke, da wata ɗinya da ta fi gidan mai gari faɗi. Duk kewayen an nome shi, gero da dawa har gindin ƙayar da ta zagaye kurmin, amma gatari bai taɓa shiga kurmin ba. Dalili kuwa, an ce wurin da masu shi. Haka munka taras, haka iyayenmu sunka taras. Kuma tun daga kakanmu, gidan su taubashina ne kawai ke shiga, sai ni da ke raɓe da shi.

Abin da mutane ba su lura ba, shi bai taɓa buɗe baki ya ce akwai aljanu a ciki ba. Ko sau ɗaya. Abin da yake yi shi ne, in ya iso bakin kurmin sai ya tuɓe takalmi ya ajiye, ya yi sallama da ƙarfi, ya ɗan tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ya shiga. In an tambaye shi, "Wai da gaske akwai su?" sai ya dubi mai tambayar har sai ya tsargu, ya ce, "Mi kaka nema wurinsu?" Shi ke nan.

Ni ne mai zuba yaji. A kasuwar Sabon Birni na ba da labarin wani Bagobirin Nijar da ya yanki sanda a kurmin, ya wayi gari bakinshi ya koma wajen kunne. Wata shekara na ce hannu ne ya shanye. Wani mahauci ya kama ni, ya ce ai bara baki na ce. Na ce wancan wa ne, wanga ƙane. Da na ba taubashina labari sai ya ce, "Kai dai bawan banza ne. Ƙaryarka ko gindi ba ta da shi." Amma bai ce in bari ba.

Liman ya taɓa tare shi bayan sallar la'asar kan wannan tuɓe takalmi. Ya ce abin na kama da na mutanen da, kuma yana sa wa jama'a tsoron abin da ba Allah ba.

Taubashina ya ce, "Malam, sallama haramun ce?"

"A'a."

"Tafiya ba takalmi fa?"

"Ka san ba abin da nike nufi ba ke nan."

"To in ka samo haramcin ka aiko mini."

Sun yi kusan damina guda ba su gaisawa sai a sahu. Ni na yi ta kai gulmar wannan ga wancan har sunka gaji sunka shirya don su huta da ni.

Na taɓa matsa mishi muna zaune mu biyu a gindin ɗinyar, na ce ya faɗa mini tsakani da Allah. Ya ce, "Ni ban taɓa ganin kowa ba. Babana ma bai ce ya gani ba. Amma duba can." Ya nuna mini gonakin da ke bayan ƙaya, fili fetal ba icce ko ɗaya har iyakar gani. "Can ne inda ba kowa."

Da mutanen daji sunka fara tashin ƙauyuka, garinmu ya cika da mata da yara da ba su da ko murhu. Babban dajin da ake zuwa icce ya zama na masu bindiga, wanda ya shiga sai dai a ji labari. Icce ya yi tsada har ana dafa tuwo da kara da kashin shanu. A lokacin ne taubashina ya tsiri wata ɗabi'a. Kullum da hantsi za shi shiga kurmin ya tsinto busassun rassan da sunka faɗo da kansu, ya ɗaure dami-dami, ya jera a bakin tafki. Tsoho ne, bayanshi na ciwo, amma bai yarda kowa ya taya shi ba. In matan sun zo sai ya ce, "An ce a ba ku." Ba su tambayar wa ya ce. Ranar da wata ta kawo mishi ƙwai don godiya, ya kore ta da faɗa har ta manta da mayafinta. Wannan shi ne haƙurin nashi.

Sai jikanyarshi ta dawo hutu daga makaranta a Sakkwato da waya mai kyamara.

Yarinyar nan ita ce hasken idonshi. Tana ce mishi Ango, yana ce mata uwargida mai ƙona miya. Ita kaɗai ke iya cire mishi hula ta gudu. Ta ce za ta bi shi kurmi, ya ce a'a, ta bi shi. Ina wurin ranar, don ni duk inda za a yi rigima ƙafata na kai ni.

Ba za ni yi wa yarinyar ƙarya ba, tana da ido. Mu mun shekara saba'in da wani abu muna shiga wurin nan kanmu a ƙasa, muna duban maciji da ƙaya da abin tsinta. Ita tana shiga ta ɗaga kai. Ta kwanta rigingine bisa ganye da sabuwar atamfarta ta ɗauki saman tsamiya, rana na tsiyayowa ta tsakanin ganye. Ta ɗauki saiwar kanya da ta naɗe dutse. Ta ɗauki wani ƙadangare da ni da na gan shi jifa za ni yi. Ta kawo mishi wayar.

"Ango, duba gidanka."

Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya daɗe. Ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar, ya sake duban wayar. Ya ce a hankali, "Ashe haka samanta yake."

Ban taɓa jin muryarshi ta yi laushi haka ba, har na ji kunya na juya baya. Sannan ya dawo hayyacinshi ya ce, "To goge."

"In goge mi?"

"Kin gani, na gani. Goge."

Ta yi dariya ta ce Ango ya tsufa. Kafin mu iso gida ta watsa shi ga ƙawayenta.

Mako bai zagayo ba samari da 'yan mata sunka fara zuwa. Su ma a tsare suke, a yi musu adalci. An haife su ana ce musu daji wurin mutuwa ne. Wasu cikinsu ba su taɓa tsayawa a inuwar da ba ta bango ko ta dalbejiya ba. Sai ga daji a bayan gari, wanda za ka shiga ka fito uwarka ba ta sayar da akuya ba. Ranar Juma'a sai su ci ado su tafi. Su jingina da ƙirya a ɗauka. Su hau reshe a ɗauka. Suna tambayar sunayen itacen, suna gardamar wanda hotonshi ya fi kyau. Wani ɗan makaranta ya ce mini, "Baba, wallahi ban san muna da irin wanga abu ba." Kuma har zuciyarshi ya faɗa. Ba wanda ya karya ko reshe cikinsu. Kwalaben lemo ma jikanyar ta sa suna kwashewa.

Taubashina ya bi su da sanda. Sunka ɗauke shi hoto yana bin su da sanda, abin ya ƙara armashi.

Na koma kasuwa na sabunta labarin mai karkataccen baki. Wani yaro mai gyaran babur ya ciro waya ya nuna mini kanshi kwance bisa reshen ƙirya da tsakar rana, ya harɗe ƙafa, da takalmi. Ya ce, "Baba, duba bakina, ya karkace?" Duk rumfar ta fashe da dariya. Sana'ar da na shekara da shekaru ina yi kyauta, hoto ɗaya ya kashe ta.

Yaron nan yana da wa. Wan nashi manomi ne, gonarshi na can inda ba a zuwa yanzu, sai ya koma ƙona gawayi yana kaiwa Sabon Birni. 'Ya'yanshi da yawa, ga na ɗan'uwanshi da anka kashe. Ya ga hoton. Shi ba hasken rana ya gani ba, kaurin ƙiryar ya gani. Ya kuma ga ƙanenshi ya dawo gida lafiya lau ya ci tuwo har da ƙari. Ya tafi wurin masu ba da izinin saran icce, kuma masu ba da izini su ma sun ga hotunan.

Ranar da injin yanka ya fara kuka a bayan tafki, taubashina ya tafi da ƙafarshi. Mai gawayin ya kashe injin ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Ba ka jin tsoro?"

"Ina ji, Baba. Na yunwa ya fi."

"Iccen ga ya girmi kakanka."

"Na sani. Ka nuna mini inda za ni je in ba nan ba, wallahi yanzu in ɗauke injina."

Taubashina ya dubi iccen da ake yanka. Ya juyo gida.

A tsakar gida ya sauke fushin kan jikanyar. Ya ce ita ta buɗe ƙofa. Ta ce ita ba ta sari komai ba, so ta yi mutane su ga kyawun wurin.

Ya ce, "Sun gani!"

Ta ce, "To kai mi ya sa ba ka faɗa mini gaskiya ba? Da ka ce mini tsoron ne ke tsare shi, da na ɓoye. Sai ka ce goge, goge, kamar ina jaka."

"In na faɗa miki ai ya zama ba tsoro."

"To ni ta ina za ni sani?"

Yarinyar na da gaskiya, shi ma yana da ita, kuma injin na can yana ci. Ta koma makaranta ba su yi sallama ba. Da ta tafi ya sa ni in karɓo wayar wani yaro in nemo mishi hoton tsamiyar nan. Ya kalla, ya zagi wanda ya ƙera waya, ya ce in bar mishi ita zuwa azahar.

Yaran sun yi ƙoƙari, kada a ce ban faɗa ba. Sun watsa hotunan kututture gefe da gefe da na da. Mutane daga nesa sunka yi ta aiko da alamar kuka. Ba wanda ya aiko da buhun gero ga mai gawayi.

Ciwon ajalinshi bai daɗe ba. Da ya ga jikin ya ƙi, ya aika a kira ni da rana tsaka, ya sa matarshi ta zauna. Ya ce, "Bawa, matso. In na mutu a kurmi za a sa ni. Gindin ɗinya."

Na ce, "Kai da ka ce ba ka taɓa ganin kowa ba, so kake ka zama na farko?"

Ya ce, "Rufe mini baki ka ji. Ba a saran icce bisa kabari. In an sa ni, gobe a sa wani. In ya zama maƙabarta, ko mai izini bai isa ba."

Na dube shi. Mutum na fama da numfashi amma yana ƙulla dabara. Na ce na ji, na ɗauka.

Ya cika da safe. Babban ɗan ya iso kafin azahar. Na ja shi gefe na faɗa mishi wasiyyar ubanshi, sai ya ce, "Kawu, don Allah ba yau ba."

"Ba wasa nike ba."

"Kawu, jama'a na jira."

Na je wurin liman. Ya ce an fi son mamaci cikin 'yan'uwanshi Musulmi, kuma wa ya shaida? Na ce ni da matarshi. Aka aika ciki, tsohuwa na cikin kuka ta ce ya dai yi maganar kurmi, amma kullum ma maganar kurmi yake. Wani daga baya ya ce, "Ku rabu da shi, taubashi ne, tsokanar ƙarshe yake yi mishi." Har wasu sunka yi murmushi, suna ganin zumunci ne. Na rantse da Allah. Mahaucin nan na Sabon Birni ya ce, "Haka ka rantse kan mai baki a kunne."

Ran nan na so a ce ni wani ne. Magana ɗaya mai nauyi anka taɓa ba ni in kai a rayuwata, na kai ta, ba wanda ya karɓa.

Munka kai shi maƙabartar gari. Da anka sa shi, anka nemi itacen da ake jerawa a rufe kafin a zuba ƙasa, sai ga shi ba su isa ba, don icce ya yi wuya. Ana ta dube-dube, sai ga mai gawayi ya turo baro da gudu, hawaye na zuba, ya kawo gungumen ƙirya masu kyau, an yanke su daidai. Ya ce sadaka ce, Baba ya fi ƙarfin haka a wurinshi. Jama'a sunka yi ta sa mishi albarka. Ni na san inda anka yanko su. Da hannuna na miƙa su cikin ramin.

Jikanyar ta iso washegari. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan an watse ta same ni a zaure ta ce, "Kaka, an ce ka yi rigima a wurin jana'iza." Na ba ta labari duka.

Ta ce, "Da gaske in akwai kabari ba a sara?"

Na ce ko mai gawayin da kanshi ba za shi yarda ba, yaron na da tsoron Allah.

"To saura wa?"

Ta tsura mini ido. Na duba bayana, ba kowa sai bango.

Na ce, "Ke, amarya, kashe ni za ki yi?"

Ta ce, "Allah ya ba ka tsawon rai. Amma gyara hularka."

Ta je ta kira liman da babban ɗana, ta zaunar da su dama da hagu, ta saita wayar. Na faɗi sunana da na ubana, na ce ina cikin hankalina, iyakar wanda Allah ya ba ni, kuma in na mutu a sa ni gindin ɗinyar bayan tafki. Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai so ba, amma ba haramun ba ne. Ɗana ya ce ya ji. Ta sa na maimaita saboda na yi dariya a na farko. Ta ce wannan ba za ta watsa ba sai ranar.

Allah ya jiƙan taubashina, ya yafe mishi zafin rai, ya ba shi inuwar da ba a sara. Ya jiƙan iyayenmu da duk Musulmin da sunka riga mu.

Mai gawayi ya ɗaga wa kurmin ƙafa kwanakin makoki, yanzu ya koma. Daga gefen gabas yake tahowa, ɗinyar na yamma. Na auna da ido, in ya ci gaba a haka za shi iske ta kafin kaka ta biyu. Ba ni roƙon mutuwa, Allah ya sani, kuma ba ni hana mutum ciyar da marayu. Amma jiya na je asibitin Sabon Birni da ɗan tari, ma'aikacin ya ɗaure mini hannu ya auna, ya saurari ƙirjina, ya ce, "Baba, ai kai sai ka binne mu duka."

Ko sannu ban ce mishi ba na fito.